Kwamitin Kogi a Kan Tabarmar Jaje

Mu mutanen ƙasar Gumel ba mu da kogi. Ba abin kunya ba ne, haka Allah ya yi mu: yashi, rijiyoyi masu zurfin da sai hannu ya gaji kafin guga ya taɓa ruwa, da kududdufai da ke cika da damina su ƙafe kafin sanyi ya wuce. Idan mutumin Haɗeja ya zauna yana ba da labarin kifi da kwalekwale, mu sai dai mu gyaɗa kai mu ce Allah ya sanya albarka. Saboda haka ranar da umarni ya zo daga Kano cewa kowane yanki ya kafa kwamitin hana ambaliyar kogi da tsara amfani da ruwa, sai da muka yi dariya a ofis har da hawaye. Ba mu daɗe da fita daga babban fari ba, ƙasusuwan shanu ma ba su gama ɓacewa daga hanyar Maigatari ba. Wani dattijo a ofishinmu ya ce a fara aiko mana da kogin tukuna, ambaliyar ma ji da ita daga baya.

Ni na fi kowa dariya, ni kuma aka naɗa sakataren kwamitin. Lokacin ina ƙaramin akawu, naira ba ta daɗe da korar fam da sule ba, ga sabon keke, ga biro a aljihun gaba, ina jin duk garin ba wanda ya kai ni iya buga tafireta. Aka ce aikina ba wuya: in tara manya uku a ɗaki ɗaya, su daidaita ayyukansu, in rubuta abin da suka yanke. Na ce wannan ai ko da ido a rufe.

Na farkonsu Injiniya ne, mai kula da hanyoyi. Matashi ne, ya yi karatu mai zurfi, kuma shi kaɗai ke da motar ofis da direba. Na biyu babban Duba-gari, tsoho mai furfura, wanda ya fara leƙa randunan mutane tun zamanin Turawa, kuma bai taɓa barin kowa ya manta da hakan ba. Na uku Malamin gona, mutum mai sanyin murya da babbar riga, jinin sarauta, wanda tun yana yaro ake cire takalmi kafin a gaishe da mahaifinsa. Duk ukun mutanen kirki ne, wannan na shaida. Kowannensu ya san aikinsa. Abu ɗaya ne umarnin bai faɗa ba: wane ne shugaba. Cewa aka yi su zaɓa a tsakaninsu. To, kafin su zaɓa sai sun zauna, kafin su zauna sai biyu sun taka zuwa ofishin ɗaya, kuma duk wanda aka je ofishinsa ai ya riga ya zama shugaba ko ba a faɗa ba.

Da abin iyakarsa ofis ne, da ban damu ba, ko shekara goma za su yi suna ja. Amma akwai ɗakin Innata.

Garinmu yana kan hanyar Gumel zuwa Sule Tankarkar, gidanmu kuma yana can gangare, bakin tsohon kududdufin da kakanninmu suka haƙa suna ɗibar ƙasar gini. Tun tale-tale ruwan sama kan gangaro daga gonaki ya cika kududdufin, in ya yi yawa ya tsallaka hanya ya bi fadama ya tafi abinsa. A cikin gidan akwai ɗakin da mahaifina ya gina wa Inna da hannunsa. Shekarar da zai rasu ya yi masa yaɓe na ƙarshe, sai shatin tafin hannunsa ya fito sarai a saman ƙofa, yatsu biyar, har da ɗan karkataccen ƙaramin yatsansa da jaki ya taɓa takawa. Kowane rani ana sake yaɓen gidan, amma wurin nan Inna ba ta yarda a taɓa. Ba ta taɓa faɗa mana dalili ba, mu ma ba mu taɓa tambaya ba. Kullum za ta shiga ɗakin sai ta ɗaga hannu ta dafa wurin, wai don kada ta bugi kai.

Da umarnin nan ya zo, kowane ɗaya daga cikin manyan uku ya ga ya kamata ya nuna wa Kano cewa shi ba ya barci. Malamin gona ya tuna wahalar fari, ya sa aka haƙa doguwar magudana daga gonaki zuwa kududdufinmu, don a tara ruwa a yi lambu da rani. Duba-gari ya tuna sauro da zazzaɓi, ya sa aka cike rabin kududdufin da yashi da shara. Injiniya kuwa ya tuna yadda motocin gyaɗa ke kafewa da damina, ya ɗaga hanyar ta yi tudu har kusan ƙugun mutum, ya shimfiɗa mata jar tsakuwa. Ɗaya ya yi wa ruwa hanyar shigowa, ɗaya ya cike masa masauki, ɗaya ya rufe masa ƙofar fita. Gidanmu kuma yana tsakiya.

Ni ɗan fari ne, don haka Inna ba ta faɗin sunana. Tun da na samu aiki ta koma kirana Akawu, da wata murya da ban taɓa gane yabo ce ko zolaya ba. Da na je gida wata Asabar da rani, ta tsaya a ƙofar gida tana kallon jar hanyar.

"Akawu, an ce ku ne masu tsara ruwa yanzu?"

"Mu ne, Inna."

"To madalla. In kun tsara, a aiko a gaya mini ta inda zai bi, in kau da kajina."

Kada wani ya ɗauka manyan nan ba su ga abin da Inna ta gani ba. Makaho ma da sandarsa zai gane. Da na je wa Injiniya da maganar, kafin in rufe baki ya zana mini maganin a bayan kwalin sigari: a fasa hanya a sa kwalbati, shi ke nan. Har ya ja ni bayan ofishinsa ya nuna mini manyan bututun siminti a jere, awaki sun mai da su ɗakin kwana.

"Ga su nan, Malam Sakatare. Ranar da kwamiti ya zauna ya ce a sa, washegari zan sa. Amma ba zan fasa sabuwar hanyar gwamnati da ra'ayin kaina ba. Ka gaya musu ƙofata a buɗe take, ga kujeru, ga fanka."

Na hau keke na tafi wurin Duba-gari. Ya saurare ni yana taunar goro, ya ce yashin da ya zuba ba wuyar kwashewa in kwamiti ya ce a kwashe.

"Amma ɗana, wanda ya riga ka barci ai dole ya riga ka tashi. Ranar da na fara aiki, yaron nan mai mota ko wando ba a fara sa masa ba. Ni zan kwashi furfurata in je in zauna a bencinsa?"

Malamin gona yana rangadi a wajen Gagarawa, can na same shi. Bai ce ba zai je ba, irinsu ba sa cewa a'a. Ya sa aka kawo mini fura mai sanyi, ya tambayi lafiyar Inna da ta kajinta, ya ce Allah ya kai mu lokacin. Da na matsa, sai ya yi murmushi ya ce a gidansu dai, tun da ya buɗi ido, zuwa ake yi.

Na yi ta wannan zirga-zirga har tayar kekena ta sha faci ta gaji. Ranar Juma'a su ukun sukan tsaya a sahu ɗaya a masallaci, kafaɗa da kafaɗa, ni ina baya ina kallon ƙeyoyinsu kamar mai kallon nama a rataye. Ana sallamewa sai in yi wuf in tare su. Su gaisa da juna da fara'a, a tambayi iyali, a tambayi gajiya, a tambayi zafi. Da na buɗe baki sai Duba-gari ya ce haba ɗana, a ƙofar masallaci? Kowa ya nemi takalminsa.

Da hadari ya fara haɗuwa a gabas, dabara ta zo mini. Na roƙi aron aji ɗaya a makarantar firamare, lokacin ana hutu. Wurin ba na kowa ba ne a cikinsu. Na jera kujeru iri ɗaya a da'ira don kada a ce wata ce ta gaba, na sayi goro da lemo. Abin mamaki duk suka amince. Daren nan har mafarkin kwalbati na yi.

Abin da na manta shi ne babba ba ya jiran ƙarami. Duk wanda ya fara isa ya zauna, ya zama mai jira ke nan. Da lokaci ya yi, kowannensu ya iso unguwar, amma ba wanda ya shigo. Injiniya ya sa aka faka mota a inuwar dogon yaro bayan tasha, aka buɗe gabanta, wai tana zafi. Malamin gona ya tsaya a wata 'yar gona bayan makarantar yana duba ganyen gero ɗaya, ya juya shi sama ya juya shi ƙasa. Duba-gari kuwa ya faɗa rumfar wani mai tsire ya hau bincike. Ya duba wuƙa, ya duba tire, ya duba faratan mutumin, ya koma kan wuƙa. Bawan Allah ya rasa laifin da ya yi, har ya fara amsa laifukan da ba a tambaye shi ba.

Ni kuma ina tsakiya a kan keke, gumi har cikin takalmi. Duk wanda na je wa, tambayarsa ɗaya: "Sun iso?" Da na gaji, sai na ce wa kowannensu sauran biyun suna zaune, shi kaɗai ake jira. Ashe su ma ba yau aka haife su ba. Injiniya ya tura direbansa ya leƙa, sauran biyun suka tura masinjojinsu. Mutanen nan uku suka haɗu a tagar ajin, suka ga ba kowa, suka shiga suka zauna a kujerun da na jera, suka shanye lemon, suka raba goron, suka yi hira mai daɗi. Har yau ina jin haushin lemon nan.

Na koma gida na roƙi Inna ta dawo wurina a Gumel har damina ta wuce. Na yi lallashi, na yi fushi, na kira ƙanwarta ta sa baki.

"In bar ɗakina in je in zauna a ɗakin haya, ina jin tarin maƙwabci ta bango? Fari bai kore ni ba, ruwa ne zai kore ni? Kai dai je ka tara mutanenka."

Ruwan ya zo cikin watan da gero ke fitar da kai. Ina gida ranar. Ya fara da hantsi, ba iska, ba tsawa, zuba kawai yake kamar da bakin ƙwarya. Magudanar Malamin gona ta yi aiki fiye da yadda shi kansa ya zata: ta kwaso ruwan gonaki kaf ta kawo. Ruwan ya iso kududdufi ya tarar an cike masa wuri, ya wuce. Ya isa hanyar Injiniya, ya tsaya, ya dudduba, bai ga ƙofa ba. Sai ya juyo ya shigo zaurenmu ko sallama babu, ɗauke da sharar Duba-gari a kansa.

Maƙwabta suka taru. Aka fitar da gado, da tasoshi, da buhunan gero, da kaji a cikin kwando suna ta ƙorafi. Inna ce ta ƙarshen fita, sai da ruwa ya kai mata gwiwa mata biyu suka riƙo ta. Da yamma, duk gangaren ya zama fari fat, yara suna iyo a inda muke shanya kuɓewa. Wani ya ɗaga murya ya ce to ga kogi Allah ya kawo, saura kwamiti. Mutane suka yi dariya. Ni ma na so in yi, ta ƙi fitowa.

Ginin ƙasa ba ya faɗuwa da gaggawa. Yana shan ruwa ta ƙafa, ya yi shiru. Washegari da rana tsaka, sama ta washe, muna tsaye a kan tudun hanya, ɗakin Inna ya durƙusa a hankali kamar raƙumi, rufin ya bi shi. Ba wanda ya ji ciwo, alhamdu lillahi. Inna ba ta yi kuka ba, ta dai gyara mayafinta ta juya baya. Ni ne na yi kukan, akawu guda, da biro a aljihu, a gaban yara. Cikin baƙin ciki da fushi na rantse a raina ko sunan kwamiti ba zan ƙara ambata ba.

Muka sauka a gidan wani maƙwabci da ke kan tudu. Labari ya kai Gumel cewa gidan su sakatare ya rushe. To, a nan ne al'adarmu ta yi abin da ni da kekena muka kasa. A wurin taro, girma shi ne ka zo a ƙarshe. A wurin jaje kuwa, wanda ya riga zuwa shi ne mai zumunci, wanda ya makara shi ne abin faɗe. Kowannensu ya ji tsoron a ce sauran biyun sun riga shi.

Da safe muna zaune a zaure sai ga Duba-gari a kan babur, taɓo har gemu. Bai gama cire takalmi ba sai ga Malamin gona, ya tattare babbar riga a kafaɗa yana haki, abin da ban taɓa gani ba. A bayansa ga Injiniya: motarsa ta tsaya a kan kyakkyawar hanyarsa, ba ta iya sauka, ya naɗe wando ya ratso ruwa, takalma a hannu. Zauren ƙarami ne, tabarma ɗaya ce, kujera babu. Suka zauna a jere, gwiwa na gugar gwiwa.

Inna ta fito ta zauna daga bakin ƙofar ciki. Suka haɗa baki:

"Inna, sannu. Ashe abin da ya faru ke nan? Allah ya mayar da alheri. Allah ya kiyaye gaba."

"Amin, amin. Na gode, Allah ya bar zumunci. Akawu, su wane ne baƙin namu?"

Na gabatar da su ɗaya bayan ɗaya. Ta dube su da kyau.

"Au, ku ne masu tsara ruwan? Kai, sannunku da aiki. Lallai ya tsaru, ko ɗigo bai ɓata hanya ba, duk ya iso."

Injiniya ya sunkuyar da kai yana kallon yatsun ƙafarsa. Malamin gona ya shiga gyara hular da ba ta karkace ba. Can sai Duba-gari ya yi gyaran murya, ya dubi hagunsa, ya dubi damansa, kamar yanzu ya lura da waɗanda ke kusa da shi.

"Malam Sakatare, akwai biro a jikinka?"

Rantsuwata ta jiya ta tashi a banza. Na samo takarda na ɗora a gwiwa. Kafin goron da aka kawo musu ya ƙare a baki, an gama komai: Injiniya zai fasa hanya ya sa kwalbati, Duba-gari zai kwashe yashinsa ya riƙa zuba maganin sauro a maimakonsa, Malamin gona zai yi wa magudanarsa reshe zuwa fadama. Ba musu, ba ɗaga murya. Abin da na yi watanni ina bi.

Sai na yi tambayar da ta kusa rushe komai. Na ce to wa zan rubuta ya shugabanci zaman? Nan take kafaɗu suka miƙe. Duba-gari ya shafa furfurarsa, Injiniya ya laluba makullin mota. Malamin gona ne ya cece mu, da sanyin muryar nan tasa:

"Ai a gidanmu, wanda aka zo wa jaje shi ne mai tabarma, mai tabarma kuma shi ne mai zama. Rubuta Inna."

Haka na rubuta, haka aka aika Kano, kuma ba wanda ya taɓa tambayar wace ce. Wannan shi ne zaman kwamitin na farko. Shi ne kuma na ƙarshe, don Allah bai sake rushe gidan wani ma'aikaci ba har aka yi musu canjin wurin aiki.

Sun cika alkawari, ba zan ci haƙƙinsu ba. Aka kori awaki daga bututun, aka sa kwalbati, ruwan ya bi ta ciki ya tafi fadama kamar yadda ya saba tun zamanin kakanni. Da kaka aka yi gayya aka tayar wa Inna sabon ɗaki. Malamin gona ya aiko da azara, Duba-gari ya zo da kansa ya nuna inda za a fitar da taga, Injiniya kuma ya aiko da magininsa ya shafe bangon da siminti, sumul, ko ƙuda ya sauka sai ya zame. Mutanen gari suka yi ta zuwa kallo, ana cewa Inna ta yi goshi, ruwa ya kawo mata arziki.

Ranar da za ta tare, na riƙo mata tabarma da buta ina biye da ita. Da ta zo bakin ƙofa sai ta ɗaga hannu kamar kullum, ta dafa saman ƙofar. Ta shafa dama, ta shafa hagu. Hannunta ya daɗe a wurin kafin ta sauke shi.

"Akawu," ta ce, ba ta juyo ba, "da na san jaje ne ke tara su, ai da tun rani na sa ka ture katangar bayan gida. Su zo su yi mana jajen katanga, a bar mini ɗakina."

Ta karɓi butarta ta shiga. Ta yi shekaru masu yawa a ɗakin nan, kuma har ta koma ga Allah ban sake ganin ta dafa saman ƙofar ba.